Wasiƙar Zaren Buhu

Duk wanda ya san Jemima Obadiya a tsaye ya san ta. Ko a coci, in fasto ya ja wa'azi, za ka ga ta miƙe ta zagaya bayan benci wai tana gyara labule, alhali labulen bai ce mata komai ba. Abinci ma a tsaye take cinsa, kwano a hannu, ido a ƙofa. Maƙwabtanta a Tirwun sun daɗe da daina miƙa mata kujera, don sun gane wahalar banza ce.

Sana'o'in da ta taɓa kuwa, sai dai a faɗi waɗanda aka tuna. Ta soya masa a bakin tasha, ta yi kitso, ta koyar da yara a wata 'yar makaranta a Yelwa, ta tafi Jos sayar da gwanjo ta dawo da tari, ta tafi Lafiya saro doya ta dawo da labari. Mijinta, kafin ya rasu, yakan ce in yana son ganin matarsa sai ya fita bakin titi, ko ba jima ko ba daɗe za ta wuce. Abu ɗaya ne ya iya riƙe ta, shi ma bai zaunar da ita ba, allura da zare.

A Ƙofar Wambai ta koyi aikin, wurin Adda Fati, mai ɗinkin hula da surfani wadda ta gada daga mahaifiyarta. Adda Fati mace ce mai sanyin magana da zafin ido. In ɗinki ya karkace ko da silin gashi ne, almakashi kawai za ta miƙo miki ki warware. Dokokinta ba su da yawa amma ba a tsallake su: zare ya kwanta luf, ƙulli ya ɓuya a baya, kuma aiki ba ya barin hannun mai shi sai an bi shi da dutsen guga. Jemima ta sha warwara har ta gaji, ta yi fushi ta tafi, ta dawo, ta sake tafiya. A ƙarshe dai hannunta ya faɗa, har Adda Fati ta fara nuna aikinta ga baƙi, tana kiran ta da sunan 'yarta, tana cewa, "Wannan Maman Peculiar ce ta yi, wadda ba ta zama."

Takarda kuma daga wajen uba ta shigo mata. Baba Obadiya ya yi shekara da shekaru da ɗan teburinsa a gindin wata darbejiya kusa da gidan waya, yana rubuta wa mutane wasiƙa. Matan sojoji, leburori, tsofaffin da 'ya'yansu ke kudu, duk gabansa suke zama su zazzage cikinsu, shi kuma ya tace ya zuba a takarda da rubutunsa mai tsayi, mai kwantawa gefe ɗaya. Abin bai tsaya a bakin aiki ba, har gida ya biyo shi. Ya kafa doka cewa magana mai nauyi ba a yin ta da baki. Kana son sabon takalmi, ko izinin tafiya, ko ka yi laifi kana neman gafara, to ka rubuto, ka ninke, ka ajiye a kan teburi, amsa za ta same ka a rubuce. Jemima, wadda bakinta ba ya hutawa, ta tsani dokar nan tun tana ƙarama. Amma ko mijin da ya aure ta sai da ya zauna ya yi gumi a kan fallen takarda.

Da wayar hannu ta shigo gari, benci ya bushe a gindin darbejiya. Baba Obadiya ya ɗaure teburinsa ya koma wata gona da ya mallaka a wajen Zungur, inda ƙanin Jemima, Godspower, ke noma da iyalinsa. Ya bar mata kwali guda cike da ragowar takardu da ambulan, ya ce ta yi abin da ta ga dama da su. Wata rana tana jiran wata mai karɓar ɗinki, hannunta ya rasa abin yi, sai ta ɗauki ambulan ɗaya ta zana masa ɗan fure da jan zare a kusurwa. Matan zumuntar coci suka gani suka ce su ma suna so. Daga nan sana'a ta tsiro: katin biki, katin sallama, ambulan mai ado, takardar gaisuwa da aka rubuta da hannu aka zagaye da surfani. Ta kama ɗan shago a bayan kasuwar Wunti, rabi keken ɗinki, rabi takardu.

A nan ta gane takarda ba yadi ba ce. A yadi in kin yi kuskure sai ki warware, ba wanda zai sani. Takarda kuwa in allura ta huda ta, ta hudu ke nan har abada. Don haka sai ta fara rubutawa da biro, ta ɗora kan tsumma mai kauri ta bi layin da tsinin allura tana hudawa, sannan ta zura zare. Aikin yana son natsuwa, ita kuma ba ta da ita, sai ta riƙa yinsa a tsaye, ta huda kaɗan ta leƙa waje, ta dawo.

Ana haka idon Baba Obadiya ya fara dushewa, aka yi yawon asibiti har aka gaji, ya rufe ruf. Kunne ya biyo baya. Ba wai ya toshe gaba ɗaya ba, amma sai an kafa baki a kunnensa an ƙwala ihu, yadda har masu kiwo a bayan gona za su san abin da ake ciki. Shi kuma mutum ne mai gudun a daka masa tsawa. Sai ya ɗauke bakinsa daga mutane, ya koma ɗakinsa na jar ƙasa, ya zauna gaban teburin nan. Biro bai bar hannunsa ba. Yana rubutu kullum, amma da yake ba ya ganin inda ya tsaya, layi na hawa kan layi har takardar ta yi baƙi ƙirin, ba mai iya karanta ko kalma ɗaya. Jemima in ta je ta ga tarin takardun nan sai ta kau da kai ta fita tsakar gida ta kama shara.

A daminar bara bangon ɗakin ya tsage daga sama har ƙasa, aka tokare shi da azara. Bana kuma, ana tsakiyar zafin bazara, Godspower ya faɗo shagon Jemima da rana tsaka, gumi na zuba.

"Yaya, na samu aikin tuƙi a Gombe," in ji shi. "Da ruwa ya sauka za mu tashi, ni da yara duka. Kuma ɗakin Baba ba zai kai ƙarshen damina ba, wallahi. Ki zo ki ɗauke shi."

"To ka gaya masa mana!"

"Na gaya mishi har murya na ya dishe. Na kawo mota, mun zo ɗaga shi, ya riƙe ƙafar gado ya ce shi ba buhun masara ba ne. Ya ce in magana ne mai nauyi, a rubuto."

"A rubuto? Da wane idon zai karanta?"

"Na rubuta ma. Na karanta mishi a kunne. Ya ce wasiƙar da aka yi shelarta kamar tallan magani ba tashi ba ce, ta unguwa ce."

Jemima ta zagaya shagon, ta ɗauki almakashi ta ajiye, ta buɗe taga ta rufe. Haushin tsohon ya cika ta, tsoro kuma ya fi haushin yawa. Tana da ɗaki a Tirwun, na siminti, tun da 'yarta Peculiar ta tafi makaranta ba kowa a ciki. Abin da ya rage kawai tsoho ya ce to, kuma ta san shi, ba zai ce ba sai ta hanyar da ya saba. Idonta ya sauka kan wani katin biki da ke kan keke, ta shafa sunan amarya da aka ɗinka da zare, ta ji tudunsa a ɗan yatsanta. Ta ce wa Godspower ya koma gida, tana zuwa.

Abin da ya biyo baya, duk wanda ya san masu aikin hannu ba zai yi mamaki ba. Wasiƙa ce zuwa ga uba, don haka Jemima ta ce sai ta yi aikin da ba ta taɓa yin irinsa ba. Ta zaɓi farin kati mai santsi. Ta cika shi da gaisuwa da bayani da hujjoji, da ƙananan haruffa don komai ya shiga. Ta bi su da zaren siliki mafi laushi, ta kwantar da shi luf, ta ɓoye kowane ƙulli. Ta zagaye gefen da furanni da ganyaye, ta sa dagi a sama. Da ta gama ta shimfiɗa farin ƙyalle a kai ta danna dutsen guga, ta danna, ta ƙara dannawa, har katin ya yi sumul kamar an buga shi a inji. Duk wanda ya shigo shagon ya gani sai ya riƙe baki.

Ta hau mota zuwa Zungur da katin a cikin jaka, tana ta taɓa jakar a hanya. Ta tarar da shi a gaban teburi, azara a bayansa, tsagar bango kuwa har hannu zai shiga. Ta durƙusa ta kama hannunsa ta gaishe shi da matsawa, yadda suka saba yanzu, sannan ta sa masa katin a tafi.

Ya shafa. Ya juya shi ya shafa. Yatsunsa suka bi furannin gefe, suka gangara tsakiya suka zame, suka koma kan furannin.

"Jemima ce?" ya tambaya da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa. "Hular wa kike ɗinkawa? Ta yi laushi. Ki gaishe da mai ita."

Ya miƙo mata. Ta kama yatsansa ta ɗora kan layin farko ta ja shi a hankali. Ya bar ta ta ja, sannan ya zare hannunsa ya ce ai ya ji, aiki ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Ya laluba ya ɗauki bironsa. Jemima ta fito waje idonta na zafi, ta tsaya tana kallon gabas, inda gajimare ya fara haɗuwa a kan duwatsu. Ko ruwan da matar Godspower ta kawo mata ba ta sha ba.

Daga tasha ba ta nufi gida ba, Ƙofar Wambai ta wuce. Ta sami Adda Fati a zaure tana ɗinkin hula, ta dire mata katin a cinya, ta ba ta labari a tsaye, tana kai da kawowa.

"Adda, duba min. Ina laifin aikin nan? Ko ƙulli ɗaya kin gani?"

Adda Fati ta ɗaga katin ta duba gaba da baya, ta gyaɗa kai. Sai kuma ta yi abin da Jemima ba ta taɓa ganin ta yi ba, ta rufe ido ta shafa shi da yatsa. Ta daɗe tana shafawa.

"Maman Peculiar, rufe idonki ki taɓa."

Jemima ta rufe ta taɓa. Santsi kawai ta ji, sai ɗan tudun furanni a gefe. Haruffan da ta sha wahala a kansu sun narke cikin katin, ita da ta rubuta su ma ba ta iya raba wannan da wancan.

"Mu ai don ido muke ɗinki," in ji Adda Fati. "Duk abin da na koya miki don ido ne. Kin kwantar, kin ɓoye, kin goge. Me kika bar wa bawan Allah ya kama?"

"To yanzu in yi yaya?"

"Ki yi irin wanda in kika kawo min a da, zan miƙo miki almakashi."

Washegari Jemima ta shiga kasuwa ta sayi zaren ɗinkin buhu da basilla, babbar allurar nan ta masu hatsi. Mai sayarwa ya tambaye ta ko ta koma sayar da masara ne, don ya san ta da sauye-sauye. Ta yayyanka kwalin taliya gida-gida. Ta zana haruffa manya, kowane kamar tsawon yatsa, da irin kwanciyar rubutun Baba, tunda shi ya koya mata riƙe biro kuma hannunsa zai gane nasa. Ta huda, ta zura zaren mai kaushi, ta bar shi a tashe. A ƙarshen kowace kalma ta yi ƙatoton ƙulli a fili, a gaba, don yatsa ya san an tsaya. Ba fure, ba dagi. Dutsen guga yana gefe, hannunta ya kai gare shi don sabo, ta janye.

Wahalar ba a zaren take ba, a maganar take. Da haruffa irin waɗannan kwali ɗaya kalma biyu ko uku yake ɗauka, kuma kowane harafi sai basilla ta ci yatsanta. Jemima mai zance kamar ruwan famfo ta ga dole ta zubar da hujjojin nan duka. Ta cire zancen Gombe, ta cire siminti da kusancin asibiti. Ta bar gaisuwa, don ta san ba zai karɓi wasiƙa marar gaisuwa ba. Da ta zo tsakiya ta tsaya da basilla a sama, ta fita ƙofar shago, ta dawo, ta sake fita. Akwai abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba tun rasuwar mijinta, kuma ta san in ta huda ba gogewa. Ta huda.

Wata mai son katin biki ta shigo ta ga aikin ta ce, "Madam, wannan kuma na wane ɗan firamare ne?" Jemima ta ji kunya har cikin ƙashinta, ta tura kwalayen ƙarƙashin keke. Da matar ta tafi ta fito da su ta ɗinke su gefe ɗaya kamar littafi. Sannan ta tuna baƙaƙen takardun nan na kan teburinsa. Ta ɗauko fararen takardu daga ragowar kwalin da ya bar mata, ta ɗora a keke, ta ja musu layuka da zare daga gefe zuwa gefe, tsakanin layi da layi faɗin yatsa biyu.

Ranar da ta koma Zungur hadari ya haɗu sosai, iska na kaɗa ganyen mangwaro, kaji na gudu. Godspower ya riga ya ɗaure kayansa a tsakar gida. Jemima ta shiga ɗakin, ta matsa hannun tsohon, ta ɗora masa littafin kwali a kan teburi, ta sa yatsansa a harafin farko ta sake shi.

Yatsan ya tsaya. Ya bi zaren ya sauka, ya hau, ya zagaya. Ya koma farko ya sake bi. Leɓen Baba Obadiya ya motsa ba sauti. Da ya kai ƙulli ya danna shi, ya ɗan yi murmushi, ya gyara zama kamar yadda yake yi a da in mai wasiƙa ya zauna a benci. Bai yi sauri ba. Ya lashi yatsa ya juya kwali, sabon da bai bar shi ba. Jemima ta je ƙofa ta dubi sama, ta dawo ta dubi azara, ta ji ƙasa na zubowa kaɗan-kaɗan daga tsagar. Ji take kamar ta sungume shi ta yi waje, amma ta haɗiye.

Abin da ke cikin wasiƙar bai da yawa. Baba, ina gaisuwa. Ɗakinka zai faɗi. Ina jin tsoro. Ni kaɗai ce a gida. Ka zo wurina. 'Yarka Jemima.

A kwali na tsakiya ya daɗe. Ya bi kalmomin, ya koma, ya bi su kuma, sannan ya kife tafinsa a kai. Godspower, da ke leƙe daga ƙofa, ya kasa haƙuri ya matso zai yi ihu a kunnensa, Jemima ta riƙe masa riga.

Da ya kai ƙarshe ya rufe littafin ya daidaita gefensa da gefen teburi.

"Ba a amsa wasiƙa da baki," ya ce.

Ya laluba wajen tarin baƙaƙen takardunsa. Jemima ta zare su ta sa masa mai layin zare a ƙarƙashin hannu. Ya shafa, ya ji layukan, ya bi ɗaya daga farko har ƙarshe. Ya kafa ɗan yatsan hagu a kan zare, ya ɗora biro a samansa, ya fara. Rubutun nan mai tsayi ya fito, yana ɗan rawa amma kowane layi a gidansa. Tsawa ta yi ƙara a nesa, shi bai ji ba, yana ta rubutu. Da ya gama ya ninke takardar gida uku, ya ajiye a bakin teburi, inda yake ajiye musu amsa suna yara.

Jemima ta miƙa hannu ta ɗauka, sai a lokacin ta lura a ƙasa take zaune, ta harɗe ƙafa, ba ta san sa'ad da ta zauna ba. Ta buɗe.

"Zuwa ga 'yata Jemima. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Wasiƙarki ta same ni. Kada ki ji tsoro, zan zo. A ɗora teburina a mota a tsaye, kada a kife shi. Ki tanadi takardar nan mai zare da yawa, na daɗe ina da magana. Ni ne mahaifinki, Obadiya."

Ta karanta, ta share ido da bakin zaninta, ta ce wa Godspower ya je ya kira mai mota kafin ruwa ya sauko. Ita kuma ba ta tashi ba. Ta jawo wata farar takardar mai layi ta sa masa a ƙarƙashin hannu, ta zauna tana jira.